Kariyar Da Illo Ya Kawo

Bana ruwa ya yi jinkiri. Yau kwana goma ke nan hadari na haɗuwa gabas bayan la'asar, ya yi baƙi, ya yi ta rugugi, sannan iska ta watsa shi kafin magariba. Ina zaune gidan ɗana Isufu nan Madawa, inda anka kawo ni tun da gwiwoyina sunka ƙi ɗaukata. Gidan siminti ne, da pampo tsakar gida. Hatsi kuwa kamiyo, babbar motar kaya, ke zubo shi kasuwa buhu-buhu, ko sama ta yi ruwa ko ba ta yi ba.

Shekaranjiya matarsa Balki ta dawo kasuwa da tukwanen ƙasa biyu, kowace da ɗan icce mai kumburarren gindi, babu ganye ko ɗaya, sai fure ja daga baki, fari daga ciki. Ta ajiye su bakin ƙofar ɗaki, daidai inda ƙaramar ɗiyarta ke rarrafe.

Na ce mata, "Ɗauke su nan. Aza su bisa katanga."

"Iya, ado ne hwa. Mai sayarwa ya ce ko ruwa ba su so."

"Na san abin da ba su so. Kariya ce. Aza su bisa katanga."

Ta dubi fuskata, ta ɗauke su. Ba ta tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa mata ba. Amma tun ranar nan ko na rufe ido tsohon gidanmu nake gani.

Ƙauyenmu na cikin kwarin Majiya, tafiyar hantsi daga Karofane. Mu huɗu ne gidan: ni Saude, da maigidana, da Inna mahaifiyarsa, da ɗiyarmu ta fari. Sunan maigidana Illo. Yau da shi ke ƙasa, ni kuma na tsufa, ina iya faɗinsa. Ɗiyar kuwa Altine muke ce mata, don ran Litinin anka haife ta.

Zamanin Nasara ne. Wata shekara bayan an gama girbi gardi, dogarin Nasara, ya zo wurin mai gari, anka kwashi maza aikin hanya wajen Keita, fasa dutse da ɗaukarsa. Illo ya yi wata biyu. Ya dawo kafaɗunsa duk sun saɓule, wuyansa ya yi tsawo. Da ya sha ruwa ya huta, sai ya buɗe burgaminsa ya fiddo ƴan sanduna biyu masu toka-toka, kaurin kowace bai wuce hannun jariri ba.

Inna ta ce, "Mi ne ne wanga? Ana cinsa?"

"Ba a ci, Inna. Kariya ce."

Ya ce inda suke aikin, bisa wani tudu da ko ciyawa babu, akwai wata tsaye tsakanin baƙaƙen duwatsu, ta yi fure. Kullum in gardi ya ba su hutun tsakar rana, ita yake kallo. "Na ce in Allah ya maishe ni gida sai na dasa ta inda zan riƙa ganinta ina zaune, ba mai bulala bisa kaina."

Inna ta san ta. Ta ce, "Ba ta da inuwa, ba ta ɗiya, ko bisashe ba su cinta. Kuma da ruwanta mahalba ke haɗa dahin kibiya. Ka kawo mamu dahi gida, ga yarinya ta fara tahiya."

"Zan kewaye ta da ƙaya."

Ya bar sandunan cikin inuwar rumbu kwana bakwai har bakin yankan ya bushe, sannan ya yi ramuka biyu gabas da rumbun, ya haɗa rairayi da tsakuwa ya dasa. Ni tausayinsu nake ji, ganin rana na dukansu. Sai na riƙa zuba wa ɗaya ruwan wanke ƙore kullum, a ɓoye. Kafin wata ya ƙare ta yi laushi, ta ruɓe daga gindi kamar tsohuwar kabewa. Illo ya latsa ta da yatsa, ya dube ni yana dariya.

"Ke ce ko? Ludayi biyu ran Juma'a ya ishe ta. In damina ta kama, ko shi kar ki ba ta."

Ɗayar ta kama. Ya saro ƙayar magarya da ta aduwa ya yi mata shinge riɓi biyu, tsayinsa har ƙuguna. Anka gaya wa Altine wuta ce ke ciki. In ta zo wucewa sai ta yi baya da hannuwanta.

Cikin shekara biyu kariyar ta kai cinyata, gindinta ya kumbura kamar ƙaramin tulu. Damina ta yi ganye, da sanyi ta zubar, ta tsaya tsirara kamar matatta. Sai da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin sawu kuma komai na garin ya koma launin toka, sannan ta fashe da fure. Mata na leƙowa ta bisa danga su kalla. Ba zan ɓoye ba, ni ma ina sonta. Na matsar da turmina inda zan riƙa ganinta in ina daka.

Shekarar da ta biyo baya damina ta fara da kyau. Ruwan shuka ya sauka da safe, munka fita da ƙwaryar iri, Illo na sara da sungumi ina bin bayansa ina zubawa ina takewa da diddige, ƙanshin jiƙaƙƙar ƙasa har cikin maƙogwaro. Anka yi noman fari, anka yi maimai. Ranar gayyar gonarmu tukunya uku na fura na dama, maza goma sha biyu sunka gama ta kafin azahar. Hatsi ya tashi ya rufe mutum, ya fidda kai, ya yi bununi.

Ran nan da hantsi ina shanya kuɓewa sai na ga rana ta dushe. Na ɗauka hadari ne. Amma hadari ba ya ƙyalli, ba ya kuma yin wannan ƙarar, kamar wuta ta kama busasshen daji. Wani ya yi kururuwa daga bakin gari: "Fara! Fara!"

Munka fita da abin da hannu ya samu, ƙore, tasoshi, rassan icce. Anka kunna hayaƙi gefen gonaki, anka yi ta kiɗa da ihu har muryoyi sunka dishe. Suna faɗo mana fuska, suna shiga cikin zane, ƙarƙashin sawu suna fashewa. Kwana biyu sunka yi. Da sunka tashi, gonarmu ta koma sanduna tsaye. Itatuwan kwarin ma an sule su. Cikin gida kuwa sun cinye kuɓewata da yakuwa har ƙasa. Kariya kaɗai sunka bari da ganyenta.

Dami bakwai munka tsinta gonar da ke ba mu fiye da ɗari. Farar da munka kama anka tafasa ta da gishiri anka shanya, ita munka ci da kaka. Inna ta karɓi mabuɗin rumbu, wato ita kaɗai ke cewa a fiddo. Tuwo ya koma na dare kaɗai, sannan ya koma kunu, sannan kunun ya koma wanda kake ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Dusar da muke ba awaki munka riƙa cuɗawa da ganyen tafasa. Awakin ma sunka bi hanyar kasuwar Karofane ɗaya bayan ɗaya.

Da sanyi ya fara sauka, maza sunka yi shawara su nufi kudu, ƙasar Ingilishi, inda anka ce farar ba ta yi ɓarna sosai ba. Illo ya ɗaura wa jaki akumari. Ya duƙa gaban Inna ta sa masa albarka. Ni ya ce mini, "Wata guda, in ya yi yawa biyu." Ya ɗauki Altine ya ɗaga ta sama, ya ajiye. Kafin ya fita sai da ya zagaya shingen kariya, ya danna wata ƙaya da ta karkace da sandarsa.

Wata biyu ya wuce, na uku ya wuce.

Rani ya same mu muna tonon gidajen tururuwa. Mu fita da asuba, mata jere, kowa da ƴar hauya, mu bi layinsu har rami, mu tona mu kwashe ƴan ƙwayoyin da sunka tara, su kuma suna cizonmu har gwiwar hannu. Munka share ƙarangiya munka daka, ƙayarta na shiga ƙarƙashin farce. Munka ci ganyen jiga har sai da ba a samun wanda hannu zai kai. Daga ƙarshe kowa ya koma ga anza. Ƴaƴan anza in ba a jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa ba, sannan a tafasa a zubar a sake tafasawa, ɗacinsu na iya kashe mutum. Ko bayan haka ɗacin na nan, yana kwana bisa harshe. Da fari Altine tofarwa take tana kuka. Daga baya ta bar tofarwa. Daga baya ma ta bar kuka, sai ta zauna jikin turmi, ciki ya yi gaba, gashinta ya yi ja ya yi laushi, tana bin hannuna da ido.

Anza na cin ruwa, tana cin icce. Rijiyar gari ta ƙafe, sai gulbi, inda muke tona rairayi har tsayin mutum mu zauna jiran ruwa ya tsattsafo ludayi-ludayi. Icce kuwa na kusa duk an kwashe, sai an hau dutse. Ƙafafuna sunka kumbura, in na latsa sai yatsa ya bar rami. Wata rana na faɗi kan hanya da ɗaurin icce bisa kaina, ban san tsawon lokacin da na yi kwance ba, zafin ƙasa ya tashe ni. Tun daga ranar ban ƙara iya hawan dutsen ba. Na ƙona rumfar awaki. Na ƙona dangar bayan gida kara-kara. Na ƙona tsohon akushi.

Bazara ta shigo da zafin da ko tsuntsu ba ya tashi. Kariya ta yi furen da ba ta taɓa yin irinsa ba, kowane reshe cike. Ina jin haushinta, gidan da babu abin kai wa baki.

Ran wata Talata na tashi babu ko tsinke na sa wa murhu, ga anza jiƙe tana jiran wuta, ga Altine ba ta sa komai cikinta ba tun jiya da rana. Na dudduba tsakar gida. Idona ya tsaya kan shingen. Ƙayar ta shekara uku tana bushewa.

Na sa sanda na jawo ta. Inna na kwance bakin ƙofar ɗakinta, don lokacin ba ta iya zama da tsawo.

Ta ce, "Saude."

"Gobe in na samu ƙarhi zan saro wata, Inna."

Ƙayar ta ci wuta da kyau, ta ishe ni girki har kwana uku. Gobe ta zo ban samu ƙarfi ba, jibi ma haka. Na dai riƙa cewa, "Altine, wuta ce, kar ki je," tana gyaɗa kai.

Ran Juma'a na tafi gulbi tun da duku-duku, na bar ta wajen Inna. Mata sun yi yawa bakin ramin, ban cika rabin tulu ba sai kusan azahar. Da na shigo gida na tarar Inna barci ya ɗauke ta inda take, irin barcin yunwa da ba ya sallama. Altine na zaune gindin kariya. Fure cike da cinyarta, wani reshe ɗanye a hannunta ta tattaune kansa, ruwansa ya bushe gefen bakinta. Abin da ko akuya in ta ɗanɗana take tofarwa. Amma yarinyar da ta yi wata uku tana cin anza, ɗaci ya bar gaya mata komai.

Ta ɗago ta gan ni, ta tsinci fure biyu ta miƙo mini.

"Ga naki."

Tulun ya faɗi. Na sa yatsa maƙogwaronta ta yi amai, na sake sawa. Inna ta farka tana salati, ta ce in nemo madara. Na bi gida-gida da gudu, ban san inda ƙafafuna sunka samu gudun ba. Babu saniya ko akuya mai nono ko ɗaya garin, Fulani sun daɗe da yin kudu. Liman ya wanke allo ya ba ni rubutu, wata maƙwabciya ta ba ni ɗan tsamiyar da ta ɓoye. Munka ɗura mata, yana dawowa. Na aza kunnena bisa ƙirjinta, zuciyar na bugawa ɗaya, ta tsaya, ta sake bugawa. Cikin wannan zafin jikinta ya yi sanyi kamar randa. Kafin a kira la'asar ta cika.

Liman da tsofaffi biyu sunka ɗauke ta cikin rabin tabarma, don su ne mazan da sunka rage masu iya riƙe magirbi. Suna fita na ɗauki gatari. Na sare kariyar reshe-reshe har gindi, ruwanta na fantsamo mini, Inna na cewa in kare idona. Da na gama na zauna ƙasa.

Inna ta jawo jiki ta zo kusa. Ta ce, "Watan ga yara nawa anka kai kushewa? Gidan liman biyu, ba su da kariya. Yunwa ce, Saude. Ko ba wanga icce, yunwa ta riga ta gama da ita."

Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Har yau ban sani ba.

Illo ya dawo kwana biyu bayan ruwan fari, da ƙafa, babu jaki, da ɗan buhun dawa bisa kansa. Ciwo ya kwantar da shi can wata biyu a zauren mutane. Ya yi sallama, ya sauke kayan, yana dube-dube tsakar gida. Ya ga kututturen. Ya dubi Inna.

Inna ta ce, "Sai haƙuri, Illo. Allah ya karɓi abinsa. Ta ci iccen nan."

Ya zauna inda yake tsaye. Sannan ya ce, "Ƙayar ba ta tsare ta ba." Ba tambaya ya yi ba. Danga babu, rumfa babu, bai ga abin mamaki ba don shingen ma babu, ya ɗauka bayan rasuwar anka cire. "Ni na kawo shi. Kin hwaɗa mani, Inna. Ni na ɗauko shi da hannuna tun daga Keita."

Na buɗe baki. Inna ta dube ni, na rufe.

Washegari ya tone kututturen da saiwoyinsa ya jefa bisa tarin duwatsu bayan gida. Munka shuka rabin dawar, munka ci rabi. Damina ta yi kyau shekarar, sai dai masu noman sun ragu. Ba wanda ya ƙara bi ta kan kututturen sai da kaka, da na je zubar da toka na ga ya kafa saiwa tsakanin duwatsun ya fidda tofo uku. Na kira Illo. Ya tsaya yana kallo.

Na ce, "A ƙone shi."

Ya ce, "An sare shi, an tone shi, an yar. Wanda ya raya shi ba ni ba ne. Amma ba ya ƙara taɓa ɗan kowa."

Ya yi mako yana jido duwatsu, ya gina masa katanga da laka har ƙirjinsa, babu ƙofa. Kowace shekara in damina ta wuce sai ya gyara inda ruwa ya ci. Bai ƙara zama yana kallon furen ba. In bazara ta zo sunka leƙo ta bisa katangar, sai ya riƙa bi ta ɗaya gefen gidan. Mutumin da ke dariya har ya riƙe ciki ya koma mai magana ɗaya-ɗaya. Munka sami wasu ƴaƴan, Isufu da ƙannensa, yana sonsu, amma ban ƙara ganin ya ɗaga wani sama ba. Ina ganin duk wannan, ina sa masa tuwo gabansa, na yi shiru shekara goma sha ɗaya.

Lokacin babban yaƙin Nasara, da anka riƙa kwasar samari da hatsi da bisashe, wata yunwar ta sake leƙo mu, ko da yake ba ta kai ta fari ba. Cikinta Inna ta kwanta ciwon ajali. Wata rana da hantsi ina shafa mata man shanu a ƙafa sai ta riƙe hannuna.

"Ni na hana ki magana ranar nan. Na ji tsoron shi sake ki, ga ki ba ki da kowa. Na ga kamar shi namiji ne, shina iya ɗauka." Ta huta. "Ban yi daidai ba. Ke kin cire ƙaya, ni na yi barci, shi ya kawo icce. Mun bar mashi duka shi kaɗai. Ki gaya mashi, har da nawa."

Bayan addu'ar arba'in ɗinta ruwan ƙarshe ya rusa gefe guda na katangar. Da safe na sami Illo ya kwaɓa laka yana jera duwatsu. Na tsaya bayansa na faɗa masa duka, tun daga ran Talata har ran Juma'a, ban rage komai ba. Bai juyo ba. Ya wanke hannunsa ya ɗauki hauya ya tafi gona, ya bar lakar ta bushe.

Kwana uku ban ji muryarsa ba sai a salla. Yana cin abin da na ajiye, ya tashi. Na ɗaure ƴan kayana cikin zane na tura ƙarƙashin gado, ina jira.

Rana ta huɗu ya sake kwaɓa laka, ya aiko Isufu ya kira ni, sannan ya ce wa yaron ya tafi. Yana duƙe, bai dube ni ba.

"Ranar da kinka cire ƙayar, mi kinka dahwa da ita?"

"Anza."

"Ta ci?"

"Ta ci."

"Da yawa?"

"Ludayi uku. Har ta yi barci bisa cinyata."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Ya share fuskarsa da bayan hannu, laka ta shafe masa goshi.

"Da zan tahi hatsi kaɗai ke cikin kaina," ya ce. "Ko ɗauri guda na icce ban tara maku ba."

Ya nuna wani dutse mai faɗi kusa da ƙafata.

"Miƙo mani wancan."

Na miƙa masa. Ya aza, ya cike gefensa da laka, ya sake miƙo hannu. Haka munka yi ta yi, ina miƙawa yana ginawa, har katangar ta koma tsayinta kafin rana ta take.